Daga Murhun Kwal Zuwa Famfon Zafi: Tarihin Ɗumama Gida a Ingila

A ƙasar Ingila, inda sanyi ke sauka tun watan Oktoba ba ya kuma sakin mutane sai Afrilu ta yi nisa, akwai wata mas'ala da ta addabi masu gidaje a wannan zamani, har ta kai ana muhawara a kanta a Majalisa, ana kuma saɓani a kanta tsakanin miji da mata: idan tukunyar gas da ke ɗumama gida ta tsufa, shin a sake sayen irinta, ko kuwa a ɗauke ta a kafa injin lantarkin nan da ake kira famfon zafi? Wanda ya ji yadda ake gabatar da zancen zai ɗauka zaɓi ne tsakanin tsohon abu da sabo, kuma hukunci yana hannun maigida shi kaɗai. Alhali wanda ya bi tarihi a hankali zai tarar famfon ya girmi mulkin tukunyar nesa ba kusa ba, kuma tun da aka fara hura wuta a tsibirin Birtaniya ba safai maigida ke zaɓar abin da zai ji ɗumi da shi ba, galibi farashin makamashi da hannun hukuma ke zaɓar masa.

Rumawa, da suka mallaki kudancin tsibirin fiye da shekara 350, sun zo da wata hikima: sukan ɗaga daɓen ɗaki bisa gajerun ginshiƙai na tubali, su hura wuta a wani murhu daga waje, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓen su hau ta cikin bango, har yau ana ganin kufan wannan aiki a garin Bath. Amma jin daɗi ne na manya masu bayin iza wuta, kuma da mulkin Rum ya janye a farkon ƙarni na 5 hikimar ta bi shi. Aka koma ga wuta a tsakiyar ɗaki, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta wata kafa a rufi, aka zauna a haka ɗaruruwan shekaru. Bututun hayaƙi bai yawaita a gidajen talakawa ba sai ƙarni na 16, har wani limamin Kirista, William Harrison, cikin littafin da ya siffanta Ingila a 1577, ya lissafa yawaitarsa cikin abubuwan da tsofaffin ƙauyensa suka ga sun sake a zamaninsu.

Daga cikin abin da ya yawaita shi a birane akwai tsadar itace. Landan tana ta bunƙasa, dazuzzukan da ke kusa da ita suna ƙarewa ga gini da sassaƙar jirage da gawayin maƙera, sai talaka ya juya ga kwal, wanda ake lodowa cikin jiragen ruwa daga Newcastle. Kuma tun da hayaƙin kwal ba ya zaunuwa a ɗaki yadda na itace ke zaunuwa, tilas wanda ya ƙona shi ya gina masa mafita. Mutane ba su karɓe shi don ƙauna ba. Tun wajen 1306 Sarki Edward na Ɗaya ya yi shelar hana ƙona shi a Landan saboda warinsa, shelar da ba ta hana komai ba, domin doka ba ta cika iyawa da abin da arha ya halatta ba. A 1661 John Evelyn ya rubuta wa Sarki Charles na Biyu wata maƙala yana kukan yadda hayaƙi ke lalata huhun mutane da fuskar gine-gine. Abin da hukuma ta yi a shekara ta gaba kuwa shi ne ta ɗora haraji na sule biyu a shekara bisa kowane murhu, ta ba masu karɓa ikon shiga gida su ƙirga da idonsu. Wasu suka toshe murhunansu da tubali suka zaɓi sanyi, kuma da aka soke harajin a 1689 babbar hujjar da aka kafa ita ce wulaƙancin baƙo ya shiga ɗakin mutum yana bincike. Mai karatu ya riƙe wannan ƙyama ta Bature ga ma'aikacin da zai shigar masa gida da sunan hukuma, domin tana da rabo a cikin abin da ke tafe.

Murhun kwal ya yi sarauta wajen shekara 300, duk da cewa a lissafin masana asara ce tsantsa, gama galibin zafin yana bin bututu ya fice, mai zama a gabansa fuskarsa na gasuwa bayansa na daskarewa, ɗakunan barci kuwa babu ruwansu da ɗumi. Bututan nan yara ƙanana ake turawa ciki su share, da yawansu suka nakasa ko suka halaka, ba a kuwa kawar da wannan zalunci sosai ba sai da dokar 1875. Bilhasali, mutanen Ingila sun shaƙu da ganin harshen wuta shaƙuwar da ba ta jin hujja, har ana ɗaukar ɗaki mai ɗumi ko'ina a matsayin abin da ke raunana jiki, al'adar Amurkawa da Jamusawa.

A cikin wannan zamani ne wani abin mamaki ya faru a gida ɗaya. Jacob Perkins, Ba'amurke mai ƙirƙira da ya yi ƙaura zuwa Landan, yana da ɗa, Angier March Perkins, wanda a 1831 ya yi rajistar hanyar ɗumama gini da ruwan zafi mai zagaya cikin siraran bututan ƙarfe. Uban kuma a 1834 ya gabatar da injin yin sanyi, wanda ke matse tururin wani ruwa mai saurin tafasa ya sake shi, ya matse ya sake. Aikin ɗan yana cikin kakannin tukunya da lagireton bango da ke gidajen Ingila a yau, aikin uban kuwa shi ne kakan firij, shi ne kuma kakan famfon zafi. Abokan hamayyar nan biyu, ashe, a zaure ɗaya aka haife su, tsakaninsu shekara 3.

Wanda ya fara hango cewa injin sanyi zai iya zama injin ɗumi shi ne William Thomson, shaihin malami a Jami'ar Glasgow, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin. A 1852 ya bayyana cewa maimakon a ƙona makamashi a sami zafi gwargwadon abin da aka ƙona, ana iya amfani da ɗan ƙarfi kaɗan a ɗebo zafin da ke ɓoye cikin iskar waje a shigo da shi ɗaki, a sami ninkin abin da aka kashe. Zancen yana kama da sihiri, amma duk wanda ya taɓa sa hannu a bayan firij ya ji ɗumi ya riga ya shaida shi: zafin nan daga cikin firij aka kwaso shi aka zubar a baya. A juya al'amarin, a mai da sararin waje ya zama cikin firij, ɗaki ya zama bayansa, an sami famfon zafi ke nan. Ko a ranar da ruwa ke daskarewa akwai sauran zafi cikin iska, domin sinadarin da ke zagaya cikin injin ya fi iskar sanyi, sai ya sha daga gare ta ya zama tururi, kwamfuresa ta matse tururin ya yi zafi, ya miƙa zafinsa ga ruwan da ke zagaya gida, ya koma ruwa, ya sake fita. Da awo ɗaya na lantarki akan sami awo uku na ɗumi, wani lokaci fiye, alhali tukunyar gas komai nagartarta ba ta iya ba da fiye da abin da ta ci. Ba a daɗe ba wani injiniya, Peter von Rittinger, ya gwada wannan ƙa'ida wajen dafa gishiri a Ebensee ta ƙasar Ostiriya, inda itacen dafawa ya yi ƙaranci.

To, me ya hana hikimar da aka sani tun 1852 shiga gidaje? Kwal ne. Ƙasar da ke zaune bisa dutsen da ke ci da wuta, tana haƙo shi da arha har tana sayar wa duniya, ba ta da dalilin sayen inji mai tsada don ta yi tattalin abin da ba ta rasa ba. Kuma tarihin famfon nan gaba ɗaya, in an duba shi da idon basira, tarihin wuraren da makamashin ƙonawa ya yi wuya ne. Wani injiniya, Graeme Haldane, ya kafa ɗaya a gidansa a Perthshire ta Sikotilan a ƙarshen shekarun 1920, bai sami mabiya ba. Suwizalan kuwa, wadda ba ta da kwal nata amma Allah ya hore mata koguna masu ba da lantarki, ta ɗumama zauren majalisar birnin Zurich a 1938 da zafin da ake ɗebowa daga Kogin Limmat, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyoyin kwal sai ta ƙara wasu. A Ingila ma darurar yaƙi ce ta buɗe ƙofa na ɗan lokaci: a 1945 John Sumner, injiniyan lantarki na birnin Norwich, ya harhaɗa inji daga tarkacen kayan da ya samu, ya ɗumama ginin ma'aikatarsa da ruwan Kogin Wensum, ya kuma tabbatar da awo cewa ana samun fiye da ninki uku. A 1951 aka kafa wani babba a zauren Royal Festival Hall da ke bakin Kogin Tems, ana juya shi da injinan jirgin sama na Merlin da aka gyara su ci gas. Bai yi tsawon rai ba, aka koma ga abin da aka saba.

Abin da ya karya sarautar murhun kwal musiba ce. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, iska ta tsaya cak a kan Landan cikin tsananin sanyi, kowane gida ya ƙara kwal, hayaƙi ya gauraya da hazo ya rasa hanyar tashi, har mutum ba ya ganin ƙafarsa, motoci suka tsaya, hayaƙin ya shiga asibitoci da gidajen kallo. A lokacin an ƙiyasta mutum 4,000 suka rasu, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000. Hukuma ta yi jinkiri, amma a 1956 Majalisa ta zartar da dokar tsabtar iska, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da aka haramta hayaƙi a cikinsu. Kuma abin lura, dokar ba ta tsaya ga hani ba kamar shelar Sarki Edward, ta haɗa da biyan mafi yawan kuɗin gyaran murhu daga baitulmali. Wannan ne bambancin dokar da ta ci da wadda ta faɗi.

Gas kuwa ya daɗe a gidajen Ingila kafin nan. William Murdoch ya haskaka gidansa da shi a Redruth a shekarun 1790, kamfanin farko na sayar da shi ga jama'a ya kafu a Landan a 1812, sai dai daga kwal ake dafa shi, yana da tsada, yana kuma ɗauke da guba mai kisa in ya yoyo. Gwamnati ta karɓe masana'antar a 1949, kuma ana ganin kasuwarta ta kusa mutuwa a gaban lantarki da mai, sai arziki ya ɓullo daga inda ba a zata ba: a 1959 aka gano gas mai yawa a Groningen ta Holan, masana ƙasa suka yi ƙiyasin cewa duwatsun da ke ɗauke da shi sun miƙa ta ƙarƙashin Tekun Arewa, a 1965 kuwa dandalin haƙa na Sea Gem ya same shi a ɓangaren Birtaniya. Dandalin ya kife a Disambar wannan shekara, mutum 13 suka rasu, amma a 1967 gas ɗin ya iso gaɓa a Easington.

A nan ne aka yi aikin da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin duk abin da ake yi yau. Gas na teku ya ninka na kwal ƙarfi kusan sau biyu, yana kuma ci da wata irin wuta dabam, saboda haka babu murhun girki ko na ɗumi ko tukunyar wanka ɗaya a ƙasar da zai iya ƙona shi ba tare da an sake masa bakin wuta ba. Hukumar gas ta auna tsakanin ta gina masana'antun da za su mai da sabon gas kamar tsohon, da ta gyara kowane murhu a kowane gida, ta zaɓi na biyu. Bayan gwaji a tsibirin Canvey, daga 1967 zuwa 1977 ma'aikata suka bi ƙasar unguwa unguwa: a fara zuwa a rubuta kowane kaya da ke gidan, a tanadi kayan gyaransa, a sa rana, ran nan a rufe bututun unguwar a ƙone sauran tsohon gas, a saki sabo, masu gyara su bi gida gida. Kaya wajen miliyan 40 aka taɓa, na masu hulɗa fiye da miliyan 13, maigida bai biya kuɗin gyaran ba, ba a kuma tambaye shi ra'ayinsa ba. An yi gunaguni, an yi kuskure, jaridu sun cika da ƙorafin matan da aka bari kwanaki ba girki. Amma mutanen da kakanninsu suka toshe murhu don kada mai haraji ya shiga sun buɗe ƙofa, saboda mai shigowar ya zo da abin da ya fi arha, ya fi tsabta, babu kuma gubar da ke cikin tsohon.

Da gas ya yi arha, ɗumama gida gaba ɗaya ta tashi daga alfarmar masu hali ta zama haƙƙin kowa. A 1970 kusan gida ɗaya cikin uku ke da ita. Kafin shekara 35 ta wuce gida tara cikin goma. Tukunyar ta ƙanƙance har ta koma akwati a bangon madafa, aka fito da irin da ke dafa ruwan wanka nan take, miliyoyin gidaje suka fitar da tankin ruwan zafi suka mai da gurbinsa ma'ajiyar kaya, a 2005 kuma doka ta wajabta irin da ke tatsar zafi daga tururin hayaƙinta. Sana'a guda ta ginu a kanta, ta dubban masu gyara da suka san ta ciki da bai, ana sayar da wajen miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ƙasashen arewacin Turai kuwa, waɗanda bututun gas bai ratsa unguwanninsu ba, da tsadar mai ta 1973 ta girgiza su sai suka bi wata hanya, har ga shi yau fiye da rabin gidajen Norwe, inda sanyi ya fi na Ingila tsanani, da famfon zafi suke ɗumi. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa injin ba ya aiki a cikin sanyi.

Yanzu zamani ya sake juyawa. Tun 2004 Birtaniya ke shigo da gas fiye da yadda take fitarwa, yaƙin Yukiren a 2022 ya nuna mata illar haka a takardar biyan kuɗi, ɗumama gidaje kuma yana da kusan kashi ɗaya cikin shida na hayaƙin da ƙasar ke fitarwa mai ɗumama duniya, alhali a 2019 ta ɗaure kanta da doka cewa za ta kawar da shi kafin 2050. Lantarkinta ya rabu da kwal, an rufe tashar ƙarshe a Ratcliffe-on-Soar a Satumbar 2024. A 2020 gwamnati ta sa burin kafa famfo 600,000 a shekara kafin 2028, a 2022 ta fara ba da tallafin fam 5,000 ga mai sauyawa a Ingila da Wales, ta ƙara shi zuwa 7,500 a 2023. Duk da haka waɗanda aka sayar a 2024 ba su cika 100,000 ba.

Dalilin ba jahilci ba ne, kuma ina ganin masu zargin jama'a da taurin kai ba su yi musu adalci ba. Maigida yana zama da alƙalami ya tarar sabuwar tukunya fam dubu biyu ce ko uku, ana kafa ta a yini guda, famfo kuwa da aikinsa galibi ya haura fam 10,000 kafin tallafi. Tukunya tana tura ruwa mai zafin digiri 60 ko 70, tana gasa ɗaki cikin ɗan lokaci ko da bango na yoyon ɗumi. Famfo ya fi nagarta a digiri 35 zuwa 50, yana aiki a hankali yini da dare, saboda haka sau da yawa sai an ƙara girman lagireto, an toshe kafofin iska, an nemo gurbin tankin da aka fitar shekarun baya, kuma gida ɗaya cikin biyar a Ingila an gina shi kafin 1919. Sannan ga babbar mas'ala: a shekarun nan awon lantarki ya kai kusan ninki huɗu na awon gas a farashi, domin tashoshin gas ne galibi ke yanke farashin lantarki, an kuma ɗora masa kuɗaɗen tsare-tsaren gwamnati fiye da yadda aka ɗora wa gas. Injin da ke ba da ninki uku, in abincinsa ya yi tsada ninki huɗu, fa'idarsa ta tsaya ga gwanintar wanda ya kafa shi: in ya auna gidan da kyau a ci riba, in ya yi ganganci a yi asara. Ƙari a kan haka, tukunya ba ta cika mutuwa da rani ba, a tsakiyar Janairu take mutuwa, ga yara a gida, mai gyara kuma yana da irinta a mota.

Hukumar da ta bi gida gida a 1967 babu ita, an sayar da ita ga 'yan kasuwa a 1986, kuma abin da a da aka yi wa unguwa a rana ɗaya yanzu an bar wa kowane mutum ya yi shi kaɗai, da kuɗinsa da tsoronsa. A Jamus, da gwamnati ta nemi ta wajabta sauyin da doka a 2023, rigimar da ta tashi ta tilasta aka sassauta dokar kafin ta wuce. A Ingila an so a gwada tsohuwar hanya ta ɗaukar unguwa sukutum, wannan karon da gas na haidurojin a cikin bututan da ake da su: aka zaɓi unguwar Whitby a Ellesmere Port, mazaunanta suka ce ba a shawarce su ba, ba su kuma yarda a raba su da gas ɗin da suka sani don a yi gwaji da gidajensu ba, aka janye a Yulin 2023, aka koma ga Redcar, nan ma aka soke a Disambar shekarar, da hujjar cewa haidurojin ɗin da za a tura ba zai samu a kan lokaci ba.